Ranar da Na Gwada Ruwan Surukaina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaida iyayen yarinyar da nake nema, aka kawo mini ruwan maraba, maimakon in sha sai na gwada shi. In ka ji ana cewa boko yana taɓa kan mutum, to ni nawa taɓin bai kai ni bin bola ba. A zaune nake tsaf cikin farar shadda mai sitati, a zauren surukai, gaban dattawa, abin ya motsa.

A lokacin ina karatun digiri na biyu a nan Dutse, a fannin ƙananan halittun nan da ido ba ya gani. Aikin da malamina ya ɗora ni a kai shi ne in ƙera wani ɗan abin gwada ruwa mai araha, wanda mutumin ƙauye zai ɗiga masa ruwan rijiyarsa ya gane ko akwai ƙwayoyin cuta a ciki, ba sai an zuba a kwalba an kai birni ba. A ƙasashen da suka ci gaba da manyan injina ake yin irinsa, a ɗakin da ko ƙura ba ta isa ta leƙa ba. Mu kuwa jarinmu leda ce, da takardar tace ruwa, da injin laminatin na sakatariyar sashenmu (wanda sai ranar da ta tashi da fara'a take ara mana), sai kuma abokina Nasiru.

Nasiru shago gare shi a Limawa, yana yanka sitikar da 'yan adaidaita ke mannawa a bayan kekensu. Injinsa yana iya yanka layi siriri kamar gashi. Wata rana ina zaune a shagon ina kallonsa yana fitar da harafi ɗaya bayan ɗaya, sai tunani ya zo mini cewa injin da ya iya yanka "Sai Haƙuri" ai zai iya yanka hanyar ruwa. Haka muka fara. Mukan yanka takardar tacewa ta zama 'yan siraran hanyoyi irin na ban-ruwan lambu, mu sa ta tsakanin leda biyu, mu bi da injin laminatin ya manne su. A gefe guda akwai ƙaramar ƙofa inda ake ɗiga ruwa, a ɗaya gefen akwai 'yar taga mai shuɗin sinadari. Ruwan da kansa yake bin hanya har ya isa tagar. In da ƙwayoyi masu rai da yawa a cikinsa, bayan ɗan lokaci shuɗin sai ya koma ruwan hoda. Ita 'yar abar gaba ɗaya tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, tana lanƙwasuwa yadda ka ga dama ba ta karye ba, kuma abin da ake kashewa a kan guda ɗaya bai kai kuɗin ƙosan karin kumallo ba. Ni na raɗa mata wani dogon suna na Turanci da zai dace da bangon kundi. Nasiru ya dube ta ya ce, "Wannan ai filasta ce." Sunansa ne ya bi ta, nawa ko malamina bai riƙe ba.

Matsala ɗaya take da ita, tana son ɗumi. Ƙwayoyin nan ba sa motsi sosai sai sun ji zafi irin na jikin mutum. A ɗakin gwaje-gwaje akwai akwatin ɗumama mai aiki da lantarki, amma a ƙauye ina za a same shi? Na yi ta tunani har Allah ya haɗa ni da dabarar da a lokacin na ɗauka ita ce za ta sa a san da ni a duniya: hula. Kowane magidanci a ƙasar nan yana yawo da akwatin ɗumama a kansa bai sani ba. Ka ɗiga ruwa, ka lanƙwasa filasta ta bi zagayen cikin hula, ka mayar kanka, ka ci gaba da harkarka. Ban gaya wa malamina ba, don ina so in ba shi mamaki. Ban kuma taɓa gwada dabarar ba ko sau ɗaya, don a ganina abin da yake a fili ba ya bukatar gwaji (ka ji mai binciken kimiyya).

Yarinyar kuwa Adama ce, tana karatun aikin jinya a Dutse. Iyayenta Fulani ne da suka daɗe da ajiye sanda suka kama noma a wani ƙauye bayan Jahun, amma akwai sauran shanu, kuma akwai filako cikakke. Na sha wuya kafin ta yarda in je gaisuwa, domin akwai wani ɗan ƙanin mahaifinta mai shagon hatsi da dangi suka fi karkata gare shi. Wannan zuwan shi ne zai sa a ce in turo magabatana, ko a ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ana gobe za mu tafi ta kira ni ta yi mini karatu a kan mahaifinta, wanda suke kira Baffa.

"Don Allah ka rage surutu. Baffa ba ya son mai yawan magana. In ya tambaye ka sana'a ka ce kana koyarwa a makaranta, ka yi shiru."

"To in ya tambayi binciken fa?"

"Ba zai tambaya ba. Kuma ko ya tambaya, kai dai ka ce alhamdu lillahi."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai ni ba yaro ba ne. Ina ajiye wayar na buɗe jaka na ɗebo filasta guda biyar ko shida, wai ko da za a bukata. Kowace a cikin 'yar ledarta take a rufe, an riga an kashe duk wata ƙwaya da ke jikinta da fitila ta musamman, kuma doka ta farko a aikin ita ce ba a buɗewa sai lokacin amfani. Ni na rubuta dokar da hannuna. Amma da na jera su a cikin hula sai na ji ledar tana ƙara, in na juya kai ta ce ƙaras, in na sunkuya ta ce ƙaras. Wa zai je gaban suruki kansa yana ƙara kamar buhun biskit? Sai na farke ledojin duka na zubar, na jera filastocin tsirara a zagayen hular, suka kwanta luf.

A nan sai na faɗi gaskiya biyu game da kaina, kan nan na bisa wuya nake nufi. Ta farko, ina da sanƙo tun ban kai talatin ba, irin mai sheƙi, kuma na ƙudura cewa surukaina ba za su gan shi ba sai bayan an shafa fatiha. Ta biyu, hular tawa zanna ce mai tsada, ta fita kunya, kuma duk mai irinta ya san ba a jefa ta a bokiti. Sai an kai wa masu wankin hula sun wanke, sun sa sitati, sun ɗora a kan gungume ta bushe. Ni kuwa rabon da in kai ta tun kafin babbar sallar bara. Ta je ɗaurin aure, ta je suna, ta je jana'iza, ta sha man da nake shafa wa sanƙo kullum safe. Daga waje dai ba ka ganin komai sai kyau.

Bazara ce, irin ranar da ko kadangare ke neman inuwa. Muka shiga motar Jahun ni da Nasiru, mu huɗu a kujerar baya, gilashin gefena ba ya sauka. Daga Jahun muka hau adaidaita, daga inda adaidaita ta ce ba ta iya yashi muka taka da ƙafa. Gumi yana tsattsafowa daga ƙarƙashin hula yana gangarowa ta bayan kunnena, ina sharewa da hankici ina gyara zaman hular da yatsa biyu. Ko sau ɗaya tunanin abin da ke faruwa a cikinta bai zo mini ba. Hankalina yana kan yadda zan durƙusa ba tare da shaddar ta yi datti ba.

Bayan azahar muka isa. Yayan Adama, wanda suke kira Hamma Buba, shi ya tare mu ya kai mu zaure. An shimfiɗa tabarmi, mahaifinta Alhaji yana zaune a kan buzu, dogo siriri mai farin gemu, ga wasu dattawa uku na dangi a gefensa. Muka zube muka kwashi gaisuwa. Alhaji ya ce, "Jabbama, sannunku da hanya," ya tambayi mutanen Dutse, ya tambayi zafi. Har nan ban yi kuskure ko ɗaya ba, ina amsawa a taƙaice, idona a kan tabarma. Na ma fara jin tausayin mai shagon hatsi.

Sai Hamma Buba ya shiga cikin gida ya fito da kwanon sha babba, an rufe shi da sabon faifai. Yana buɗewa ƙamshin jema, saiwar ciyawar nan da ake ƙamsasa ruwan sha da ita, ya bugi hancina. Ruwan randa ne, sanyinsa har ya sa jikin kwanon ya yi raɓa. Nasiru, da yake shi ba surukin kowa ba ne, ya kafa kai ya sha ya yi hamdala ya turo mini. Maƙogwarona a bushe yake kamar soso, amma na san al'ada, mai neman aure ba ya zuwa ya yi ta kwankwaɗar ruwa gaban uban yarinya. Abin da ake so shi ne ka ɗauka da hannu biyu, ka kai baki, ka ɗan kurɓa, ka ajiye. Ina shirin yin hakan ke nan Alhaji ya yi tambayar.

"Malam, me ake taɓawa a can Dutsen?"

"Ana ɗan koyarwa, Baffa. Alhamdu lillahi."

Da na tsaya a nan, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma ɗaya daga cikin dattawan, wani gajere mai yawan fara'a, ya ce, "An ce kuma kana wani bincike ko? Binciken me?"

Jama'a, shekara biyu ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa tambayata da kansa. Mahaifiyata in na fara bayani sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Yau ga dattijo ya tambaya, ga mutane sun zuba mini ido. Na ji Nasiru ya taka mini ɗan yatsan ƙafa, na janye ƙafar. Na ajiye kwanon ban kurɓa ba, na zura yatsu biyu ta ƙarƙashin hula ba tare da na cire ta ba, na zaro filasta ɗaya kamar mai dabo. Dattawan suka matso.

Na lanƙwasa ta, na naɗe ta a yatsa, na warware. Na ba su labarin injin sitika, na ba su labarin ƙasashen waje da tsadar kayansu. Na ce da wannan 'yar aba, talaka zai san abin da yake sha. Gajeren dattijon ya ce, "Ikon Allah! To yaya take yi?" Na waiga ina neman ruwa, kuma ruwan da ke kusa da ni a duk duniya shi ne wanda matar gidan ta aiko mini da shi don girmamawa. Wallahi a lokacin ban ga ruwan maraba ba, samfur na gani. Na tsoma ɗan yatsa a kwanon, na ɗiga a ƙofar filastar, muka zuba ido ruwan yana bin 'yan hanyoyinsa har ya isa taga.

"In ta zauna a shuɗi," na ce, har da ɗaga yatsa, "ruwa mai tsafta ne. In kuwa ta koma ruwan hoda, to akwai ƙazanta, irin wadda ake samu in masai ya yi kusa da rijiya."

Na ambaci masai a zauren surukai, ranar gaisuwar farko, da kwanon shansu a gabana. Nasiru ya sunkuyar da kai yana karanta saƙar tabarma. Ni kuwa na mayar da filastar cikin hula ta gefen dama, na bayyana musu cewa yanzu zafin kaina zai yi sauran aikin. Alhaji dai carbinsa kawai yake ja.

Aka koma hirar duniya. Aka yi maganar tsadar taki, da ko damina za ta sauka da wuri, da wata saniya da ta ƙi cin dusa. Ina ta murmushi ni kaɗai, don na tabbata shuɗi za a gani, in yaba tsaftar gidan, a ce kai, wannan yaro da ilimi da ladabi. Can gajeren dattijon ya ce, "Malam, abin naka bai nuna ba?" kamar mai tambayar dafaffen rogo. Na zura yatsu na zaro. Tagar ta rine ta zama ruwan hoda, mai kauri, irin na alawar yara.

Abin da ya fito daga bakina shi ne abin da har yau in na tuna ina cikin wanka sai na tsaya na dafa bango. Ban ce a yi haƙuri ba, ban ce wataƙila kuskure ne ba. Wannan ne karo na farko da filastata ta canza launi a wajen ɗakin gwaji, ba lantarki, ba akwati, da zafin hula kaɗai. Farin ciki ya rufe ni, na ɗaga ta sama na ce, "Alhamdu lillahi! Ta yi aiki!"

 Alhaji ya daina jan carbi, ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ce a hankali, "Wato ruwan gidana ke nan."

Sai a lokacin hankalina ya dawo daga inda ya tafi kiwo. Na fara in-ina, ina cewa ai ba lallai ba ne, ai ko'ina ana samu. Hamma Buba ya tashi ya ɗauke kwanon, ya mayar da faifan ya rufe, ya shige cikin gida. Katangar da ke tsakanin zaure da tsakar gida ba ta da tsawo, kuma ashe duk laccar da na yi mata suna ji. Da ma ana daka a ciki, sai na ji taɓarya ta tsaya. Aka yi 'yan maganganu da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Jim kaɗan sai ga ruwa yana fitowa ta rariyar da ke gindin katanga, mai yawa, garai-garai, yana gangarawa ta gaban ƙofar zaure yana shigewa cikin yashi. Muna zaune muna kallonsa, ƙamshin jema ya cika wurin. Innar Adama ce take kwashe randarta tana zubarwa.

Nasiru ya yi ƙoƙarin ceto na. Ya ciro robar ruwan kamfani da muka saya a tashar Jahun, ko buɗe ta ba mu yi ba, ya ce, "Alhaji, a gwada wannan ma mana, a ga bambanci." Ni na san nufinsa, so yake a samu abin da za a yi maimakon kallon rariya. Na zaro wata filastar, na ɗiga, na tura ta gefen hagu. Muka sake zaman jira, wannan karon ba hirar taki. Ladan ya kira la'asar, ban taɓa jin daɗin kiran salla kamar na ranar ba.

Masallacin yana nan ƙofar gida. Aka miƙo butoci, muka tsuguna a jere, Alhaji a damana, gajeren dattijon a haguna, ga mutanen unguwa suna ta isowa. Na wanke hannu, na kurkure baki, na wanke fuska, na zo shafar kai. A nan na tuna da sanƙo. Na yi tunanin in ɗan tura hular baya in shafa goshi, amma Alhaji malami ne, kuma na riga na yi isasshen abin kunya, ba na so a ƙara da cewa ban iya alwala ba. Na ce a raina, sanƙo dai halittar Allah ce. Na cire hular.

Filasta biyu suka faɗo cikin ruwan alwala. Sauran suka ƙi faɗowa, suna manne a sanƙona kamar an yi mini kaciyar kai. Na ɓamɓaro ɗaya na duba, ta ruwan kamfani ce, ta zama ruwan hoda. Na ɓamɓaro wata, wadda ba a ɗiga mata komai ba tun da aka ƙera ta, ita ma ruwan hoda, har ta fi sauran kauri. Duk cikinsu ba mai shuɗi ko ɗaya. Gumin da na yi tun daga Dutse ya shiga ta ƙofofinsu, ya kwashi duk abin da hular nan ta tara tun sallar bara ya kai taga, zafin kaina kuma ya yi aikinsa yadda na tsara. Bai tsaya nan ba, sinadarin ya tsiyayo ya yi mini zane a kai, layi-layi, daga tsakiya zuwa goshi.

Gajeren dattijon ya ɗauki guda daga ƙasa ya juya ta. "Malam, ita wannan wane ruwa aka sa mata?"

"Ba a sa mata ba, Baba."

"To me ta gwada?"

Amsar dai tana bisa wuyana tana sheƙi a rana, kowa yana gani. Alhaji ya gama wanke ƙafarsa a natse, ya ajiye buta, ya dubi kaina na ɗan lokaci.

"Malam, shuɗi ka ce shi ne tsafta ko?"

"Shi ne, Baffa."

"To, Allah ya ba mu lafiya baki ɗaya."

Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Na wanke kan iya ƙarfina, launin ya ƙi fita, hular kuma ban iya mayar da ita ba. Haka na shiga sahu da kai a buɗe, mai zane. Gajeren dattijon yana kusa da ni, kafaɗarsa a jikin tawa, ina jin tana girgiza tun daga kabbarar farko har sallama. Ina kyautata zaton ya rama sallar nan daga baya.

Da aka idar na durƙusa gaban Alhaji na ce a yafe mini, kuskuren nawa ne, ruwan ba shi da laifi. Ya ce, "Ni ba ka yi mini komai ba. Mai randar tana ciki." Ga shi kuma al'ada ba ta ba ni damar in shiga in tsaya gabanta ba. Sai Hamma Buba ya raka ni bakin ƙofar tsakar gida, na tsuguna ina magana da zana, ina ba zana haƙuri. Can wata murya ta ce, "Ba komai. A gaida mutanen gida." Duk wanda ya san mutanen nan ya san in sun ce ba komai da wannan muryar, to akwai komai da ɗan'uwansa.

A hanyar dawowa sai da muka wuce Jahun Nasiru ya dubi kaina. Sannan ya ciro hularsa ya miƙo mini ya ce, "Rufe, yara suna kallo."

Adama ta daɗe ba ta ɗauki wayata ba. Ranar da ta ɗauka na fara tsara bayani a kan gumi da leda, ta katse ni. Ta ce randar nan ta kakarta ce, da ita aka zo garin tun lokacin da suka bar ruga, rabinta a binne cikin yashi ake yi mata ban-ruwa don ta yi sanyi, kuma da azumi har maƙwabta ke aiko da kwano a ɗebar musu. Da Inna ta zubar da ruwan sai ta ce a tono ta a kankare, garin tonowa gindin ya tsage. Na ce innalillahi, zan sayo wata. Adama ta ce, "Kai har yanzu ba ka gane ba. Ba randar ta sa ta kuka ba. Da daminar bara ɗan Hamma ya yi gudawa har aka kwantar da shi a asibiti, da ƙyar ya tashi. Da ta ji abin da ka ce, sai ta ɗauka ita ce ta ba shi ciwon da hannunta."

Ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan lokacin ba. Duk dariyar da aka yi wa sanƙona ba ta dame ni ba kamar tunanin tsohuwar nan tana kwasar ruwa tana zubarwa, tana zargin kanta, saboda wani ɗan boko ya ji ƙyashin kai hularsa wanki.

Na roƙi Hamma Buba ya kawo mini ruwan rijiyarsu a kwalbar da na dafa na ba shi. Na gwada shi yadda ya kamata, da safar hannu, da filasta sabuwa daga cikin ledarta, a akwatin ɗumama, har malamina ya duba. Shuɗi ya zauna daram. Na aika a gaya wa Inna. Na kuma je kasuwar Jahun na zaɓi randa mafi girma, aka ɗaure ta a saman mota aka kai. An karɓa, an yi godiya. Daga baya na samu labarin dusar awaki ake zubawa a ciki, Inna ta sa an kawo mata wata daga wajen 'yar'uwarta.

Yadda aka yi aka ba ni Adama, wannan sai dai in ce rabo. Kawuna ya yi zarya har takalminsa ya san hanya. An ce dangi sun so a mayar da magana kan mai shagon hatsi, Alhaji ya ce shi ya ga yaron da ya tozarta kansa a gaban jama'a amma bai yi ƙarya ya ɗora wa ruwa laifi ba, kuma wauta tana raguwa da shekaru. Ban san ko yabo ne ba, amma na karɓa da hannu biyu. A ƙauyen dai har yau ba wanda ya san sunana, Mai Hoda suke cewa. Filasta kuma na gama aikinta, na samu digirina, yanzu ma ana gwada ta a wasu rijiyoyi. A jikin kowace leda akwai gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa kada a buɗe sai za a yi amfani, kada kuma a sa a hula. Malamina ya tambaye ni wane mahaukaci ne zai sa a hula, na ce masa ai mutane iri-iri ne.

Yanzu muna da 'ya'ya biyu, kuma duk salla muna zuwa gaisuwa. Inna tana amsa gaisuwata da sakin fuska, tana aiko mini da fura mai kyau da man shanu in taho da shi. Amma in muka zauna a zaure aka fito da kwanon sha da faifansa, yana zagaya kowa, har direban da ya kawo mu, sai ya tsallake ni. Ni ana kawo mini fiya wata guda ɗaya a kan faranti, a rufe, ta sha rana a shagon bakin hanya, ɗumi kamar ruwan wanka. Ina huda ta da haƙori ina tsotsa, ina jin ɗanɗanon leda, ƙamshin jema yana wucewa ta gaban hancina.

Bara na kasa daurewa, na ce wa Adama ta roƙar mini Inna, ko kurɓi ɗaya ne a ba ni daga randa. Ta shiga ta dawo tana danne dariya. Wai Inna ta ce a'a, ita ba za ta ɗauki alhakin sa wa mai ilimi ciwo ba.

Na dai koyi abin da ba a koyarwa a digiri na biyu: in aka miƙo maka ruwa da hannu biyu, ka sha ka yi godiya, bincike ya jira ka koma gida. Ina nan ina jira. Ranar da kwanon nan ya tsaya a gabana, ko talibambam na gani yana iyo a ciki, sai na ga gindinsa.